Murfin Rumbun Gidanmu

Ƙanena Wyman bai taɓa riƙe wuƙar fiɗa ba, amma a garinmu babu wanda ya kai shi iya magana a kan nama. Tun da ya yi shekara biyu a makaranta a kudu ya dawo da jakar rataya da kalmar kabon, iskar da ke ɗumama duniya, a baki, shi ke nan muka shiga uku. Ko shayi ka miƙa masa sai ya gaya maka yadda ƙasar nan ta Alaska ke narkewa.

Ba ƙarya yake yi ba, wannan ne abin haushin. Rumbun da kakanmu ya haƙa cikin daskararriyar ƙasa, ya kai tsawon mutum uku, yanzu da rani sai ka ga bangonsa yana gumi. Ni na fi kowa sani, don ni ce matar mai jirgin farauta a teku. A waccan shekarar agwik, ƙaton kifin nan da ke ciyar da gari guda, ya ba da kansa ga jirgin mijina Ephraim. An yi rabon bikin bazara, kason Kirsimeti kuma na jera shi a rumbu da hannuna. Naman tsofaffi ne da gwauraye, amana ce a wuyana. Kowa ya san agwik uwargida yake dubawa kafin ya zo, ba ya komawa gidan da aka wulaƙanta shi.

Dokar rumbu ɗaya ce, ko yaro ya sani: da rani ba a ɗaga murfi. Na shimfiɗa fatu a kai, na ɗora katako, muka tafi sansanin kamun kifi.

Ranar da muka dawo, tun daga nesa na hango mutane a bayan gidana. Baƙi ne masu riguna masu kyalli, kowa da kyamara. Murfi a wangale, an zura wata ƙatuwar fitila ciki mai zafi kamar murhu. Ga gogan naka a tsaye, hannu a sama, yana wa'azi.

"Kun gani? Ƙasa ta narke ta saki iskar da ta daɗe a binne. Iskar ta ƙara zafi, zafin ya ƙara narkar da ƙasa. Haka abin yake ta juyawa, yana cin kansa."

Na ce, "Wyman, wa ya buɗe min rumbu?"

"A'a, Yaya Loretta, sannu da zuwa! Ku gaisa, ita ce mai rumbun. Yaya, minti biyar kawai."

"Minti biyar tun yaushe?"

Ya sosa ƙeya. Maƙwabciyata Dorcas ce ta leƙo ta taga ta ba ni amsa. "Tun ranar da kuka juya baya, ƙawata. Na yi magana ya ce ban san kimiyya ba. Ranar da bango bai ɗiga ba, fitila yake kunna masa sai ya ɗiga."

Ashe na farkon da suka zo sun ga ɗigo, suka yaɗa hoto. Hoton ya jawo wasu, wasun suka sa aka ƙara buɗewa, buɗewar ta ƙara ɗigo. Abin nan dai da yake koya wa mutane, shi ya zauna ya haɗa min a bayan gida, bai ko gane shi ba.

Na sauka tsani. Tun ban kai rabi ba hancina ya gaya min. Ruwa ya kai idon sawu, kitsen ya yi rawaya, naman ya saki jiki. Na dafa bango na yi kuka, kukan baƙin ciki da kunya.

Da na fito, ina share fuska, sai na ji muryarsa a hankali. "Yaya, don Allah kar ki goge. Tsaya haka kaɗan, hasken ya yi kyau."

Ephraim ya yunƙuro, na tare shi. Na ɗauko buhu na miƙa wa Wyman.

"Sauka ka kwaso. Da hannunka, a bayanka, har bakin teku."

"Haba Yaya, a gaban baƙi?" Ya juya gare su. "Ku ɗan kashe na'urorin nan."

Na ce, "Ina! Ku bar su a kunne. Ba kai ka ce sai duniya ta gani ba?"

Ya yi sawu ya fi a ƙirga, ruwan nama yana bin rigarsa mai tsada, yana amai a hanya. Baƙin kuwa a nan batirinsu ya ƙare gaba ɗaya, suka tuna jirginsu zai tashi.

Da Kirsimeti tsofaffi suka zo coci da jakunkunansu kamar kullum. Matan sauran masu jirage suka raba nasu, ni ina tsaye hannu rabbana. Da ma zagina suka yi, da ya fi min sauƙi. Kafin bazara mutum biyu sun bar jirgin Ephraim.

Wyman yana kudu lokacin, an gayyace shi taro. Ya bugo min waya yana murna, wai ya haska hotona a bango, ina kuka a bakin rumbu, mutane suka miƙe suna tafi.

Har yau bai tambayi abin da tsofaffin suka ci ba.