Madubin Malam Labbo

A ƙauyenmu na bakin gulbi, kusa da Maradun, ganin jinjirin wata gadon gidan su Malam Labbo ne. Kakansa ya gani, ubansa ya gani, shi ma duk shekara shi ke fara ɗaga yatsa ya ce, "Ga shi can." Sai Liman Abdulwahabu ya karɓi shaida, a aika gari.

Abin da mutane ba su sani ba, ni na sani, don katangar da ta raba mu gajeruwa ce, ni kuma ba na kau da kai. Idon Labbo ya daɗe da dusashewa. Matarsa Kubura ce mai ido. In maza sun taru a kan tudu bayan magariba, sai ta lallaɓo da buta kamar ta kawo masa ruwa, ta ajiye ta bakinta na kallon inda watan yake. Labbo ya bi bakin buta da yatsa, ya sha yabo. Ya koma gida ya sha tsiya, don Kubura ba ta raga masa.

Abin yana cinsa. Da aikin dam ɗin Bakolori ya kankama, aka ce ruwa zai ci tudun, mu tashi. Azumi ɗaya ya rage mana a wurin, Labbo kuwa ya ƙudura sai ya ga watan nan da idonsa, a inda ubansa ya tsaya.

Akwai wani Bature mai awon ƙasa da Labbo ke kai wa ƙwan zabi. Shi ya nuna masa yadda ake madubin hangen sama, ya ba shi faifan gilashi biyu masu kauri, kowanne ya kai faɗin faifan rufe ƙwarya, da wani baƙin gari mai kaushi. Labbo ya kife turmin Kubura a tsakar gida, ya ɗora gilashi ɗaya, ya barbaɗa garin, ya yayyafa ruwa, ya kifa ɗayan a kai. Ya tura, ya jawo, ya ɗan juya, ya taka gefe. Haka ya yi ta zagaya turmi tun kaka har bazara, ƙarar tana kashe mana haƙora.

Sambo taubashinsa kullum sai ya leƙo. "Labbo, mi kaka niƙa? In gero na, ga nawa nan, a yi mini tsaki."

"Tahi ka ba ni wuri."

Kubura kuwa, da ta koma aron turmi gidana, cewa take, "Na auri malami, ga ni da mai niƙa. Ko waƙar niƙan bai iya ba."

Sannu a hankali tsakiyar gilashin ta lotsa, ta yi santsi. Baturen ya shafa masa ruwan azurfa, ya haɗa masa shi cikin wani guntun bututun ruwa, da ɗan gilashin leƙawa a gefe, sannan aka yi masa canjin wurin aiki ya tafi. Sambo ya roƙa a bar shi ya hango awakinsa a hayi. Labbo ya hana, ya ce bai goge tafin hannunsa don kallon awaki ba. Sau ɗaya ya gwada abin, a tsakiyar Sha'aban, wata ya cika ya yi da'ira. Ya gan shi tar, ya naɗe bututun da bargo ya ɓoye.

Ranar duban wata ya ce wa Kubura, "Yau kada ki kawo buta."

Bayan magariba aka taru. Labbo ya kafa bututunsa a kan gwafa, ya manna ido, ya yi ta lalube a sama. Babu komai. Ja yana ƙarewa a yamma, gumi ya keto masa. Wallahi na tausaya masa. Sai ga Kubura ba buta, wai tana neman akuyarta. Da ta zo giftawa ta ɗan ture bututun da ƙugu, ta wuce tana kiran akuyar da ke ɗaure a gida.

Labbo ya sake manna ido. Can ya ce a hankali, "Na gan shi."

Liman ya matso. "Malam Labbo, yaya yake kwance?"

"Ƙahoninsa na kallon ƙasa, Allah shi gafarta Malam. Kamar ƙwarya a kife."

Aka fashe da dariya. Ko yaron goye ya san jinjirin wata ƙahoninsa sama suke kallo. Baturen ya manta bai faɗa masa cewa madubin kife abu yake yi ba, cikakken wata kuwa ba shi da sama balle ƙasa. Liman ya girgiza kai, ya ce wannan shaida ba ta karɓuwa. Ana cikin haka Sambo ya bi saitin bututun da ido, ya hango watan, aka karɓi tasa.

Na ɗauka gidan zai yi tsit. Ina shiga ɗaki na jiyo Kubura ta katanga. "Shekara da shekaru kana nuna abin da ba ka gani ba, ana gaskata ka. Yau da ka gani, sun ce ƙarya kaka yi."

"Su ce," in ji Labbo. "Siriri na, Kubura. Na manta haka yake siriri."

Daga baya ta ce ya tashi ya miƙar mata da turminta, akwai dakan sahur.