Gafakar Malam Aminullahi

Ni Asiya, ni na kai aikin gafakar gun baduku, don haka in za a raba laifi a fara da ni.

Mijina, Malam Aminullahi, numfashinsa yakan tsaya in yana barci. Ya yi minshari, ya yi minshari, sai ki ji ɗif, har sai na zungure shi. Likita ya haɗa shi da wata na'ura mai tiyo da abin rufe hanci, tana tura masa iska. Ya kuma ja mana kunne: kada a bar ta a rana, kada a rufe ta a but ɗin mota, zafi ne ajalinta.

To amma Malam da kunyar tsiya! Mutumin da ke karantar da manya a unguwarmu Badariya, wai a gan shi da tiyo a hanci? Ya ce ko 'yan uwansa kada su ji. Na gaji da mita, na sa aka ɗinka mata babbar gafaka ta jar fata, irin ta sa Alƙur'ani. Duk wanda ya gani sai ya ce littattafai ne. Har yabon dabarata na yi, kaicona.

Cikin watan Afrilu gwaggonsa ta rasu a Argungu. Zafin da ake yi ranar, ko ƙadangare ya nemi inuwa. Daga Birnin Kebbi har can gafakar na bisa cinyata, na lulluɓe ta da mayafina. Muna sauka mata suka ja ni cikin gida, sai na miƙa wa Malam.

"Malam, ƙarƙashin gado za ka sa ta, nan ne da sanyi."

"Na ji, Asiya."

Bai kai ɗakin ba. Yayansa Dikko, manomin albasa, mutum mai tsoron Allah, ya tarbe shi a zaure ya karɓe kayan, masu gaisuwa kuma suka yanyame Malam. Shi Dikko ya ga gafaka, ina zai aje littafin Allah a ƙasa? Ya taka turmi ya ɗora ta can bisa katangar ɗakin baƙi, dab da kwanon rufi. Tun hantsi take nan har bayan la'asar.

Da na samu na leƙo, na ɗaga kai na hango ta, na taka turmin na sauko da ita. Fatar ma ba ta taɓuwa. Batirin ya kumbura kamar fanke, tiyon ya yi laushi ya manne da jikinsa. Na danna, na sake dannawa, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Wallahi raina ya ɓaci. Na ɗauki mayafi zan je in sami Dikko, Malam ya riƙe min hannu.

"Mi za ki ce mishi? Girmamawa ya yi. Kada ki ba Yaya kunya cikin gidan makoki."

"To numfashinka fa?"

"Kwana biyu ne. Da can da mi nike kwana?"

Na roƙe shi mu koma gida a nemi mai gyara. Ya ce ba ya barin zaman makokin matar da ta goye shi sai an yi addu'ar uku. Na yi shiru, kuma shirun nan shi ke cina har yau.

Kwana biyun nan bai samu barcin kirki ba. Da safe idanunsa jajur, ana gaisawa yana gyangyaɗi, mutane na cewa baƙin ciki ne. Ranar uku, ana shafa fatiha ya ce zai je Birnin Kebbi ya dawo kafin magariba, akwai mai gyara a wajen unguwar Gesse. Na ce ya shiga motar haya. Ya yi dariya, ya ce tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ya ɗora gafakar a kujerar gaba ya ja motarsa.

Wani mai babur da ke bayansa ya ce babu abin da ya gifta. Motar ce kawai ta saki hanya a hankali, ta nufi bishiya, ko burki bai taka ba. Barci ne ya ɗauke shi da rana tsaka. Nan take ya cika.

Gafakar ko ƙwarzane ba ta yi ba, aka kawo mini ita.

Bayan arba'in Dikko ya zo Badariya. Ya rame, ya tsufa. Ya zauna bakin ƙofa ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Asiya, ban son komi cikin kayan ƙanena. Alƙur'aninshi na cikin gafaka nika roƙo, in riƙa karanta mishi."

Ashe har yau bai san abin da ke ciki ba. Na so in faɗa masa gaskiya, Allah ya sani na so. Sai na tuna hannun Malam a kan nawa.

Na shiga ɗaki na zazzage na'urar a kan gado, na ɗauko Alƙur'anin Malam na sa a ciki, na ɗaure. Dikko ya karɓa da hannu biyu, yana hawaye.

"Allah shi yi miki albarka," ya ce. "Inda na aje shi ran nan, nan zan aje shi. Can bisa."

Na ce masa to, Allah ya kai shi gida lafiya.