Duwatsun Bakin Hanya

Tun kafin Abdulgani ya yi tafiyar, akwatin ƙarfen ya riga ya fito. Mahaifinsa, Malam Bawa, da kansa ya jawo shi daga ƙarƙashin gado, ya ɗaure shi tamau da igiya, ya girke shi dab da ƙofar falo inda duk mai shiga sai ya yi tuntuɓe da shi. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Tsohon ya gaji da Jidda, gida zai koma.

Gida wai! Wani ƙauye ne a ƙasar Haɗeja da ya baro yana ɗan saurayi, ya biyo ayarin mahajjata tare da iyayensa a ƙafa ta Chadi da Sudan, yau shekara hamsin da ɗoriya. Waɗanda suka san shi a can duk ƙasa ta rufe idonsu. Kuma bizar fita ta ƙarshe yake so a buga masa, irin wadda ake karɓe iƙama, wato takardar izinin zama. Mutum mai shekarunsa idan ya fita haka, magana ta ƙare, shi da Jidda sai dai a labari, shi da 'ya'yansa kuma sai a waya.

Abdulgani ya san abin da ke korar tsohon. Tun da Maimuna, mahaifiyar Abdulgani, ta rasu bara, gidan nan na unguwar Aziziyya ya koma kamar gidan kurame. Ita ce mai kai magana da kawowa tsakanin uba da ɗa. Abdulgani haifaffen Jidda ne, yana jin Hausa sarai, amma in ya buɗe baki Larabci ke riga ta fitowa. Tsohon kuwa Larabcinsa na kasuwa ne, ya isa ciniki, bai isa hira ba. Ga shi Abdulgani ɗan fari, ko sunansa uban ba ya kamawa, sai dai "kai". Kullum bayan la'asar za su zauna shan shayi, a tambayi lafiya, a ce alhamdu lillahi, shi ke nan. Sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki, sai kowa ya sa wa kofinsa ido.

Mastura, matar Abdulgani, ta yi lallashi har da hawaye, tsohon ya ce Allah ya yi mata albarka, bai kwance igiyar ba. Ana cikin haka masana'antar kwali da Abdulgani ke wa aiki a unguwar masana'antu ta Jidda ta sayo sabon inji daga Suwidin, aka ce shi zai je ya koyo sarrafa shi. Ranar tafiya ya durƙusa yin sallama, uban ya ce masa ya je ya dawo lafiya, ran da ya dawo kuma ya yanko masa tikiti.

Mai koya masa injin wani dogon Bature ne, Gunnar, mutum mai tsadar magana. Da aka gama kwas ɗin sai ya ce da Abdulgani shi zai tafi hutu can ƙuryar arewa, wani gandun daji na gwamnati inda ba mota ba gari, mutum ya goya kayansa ya yi ta tafiya a ƙafa. Ko zai zo? Abin dariya ne, don Abdulgani mutum ne da ko burodi zai sayo a bakin layi sai ya tayar da mota. Amma ya ce zai je. Ba son yawo ba ne ya sa shi, tsoron komawa ya tarar da akwatin nan ne.

Suka hau jirgin ƙasa suka yi ta nausawa arewa har bishiyoyi suka soma gajarta, daga baya suka ƙare ƙaf. Da aka ce daji, Abdulgani ya zaci duhuwa. Ina! Fili ne fetal, duwatsu baƙaƙe da ƙanƙara a kawunansu, ƙoramu ta ko'ina, ruwan garau, ka sa kofi ka sha haƙoranka su yi tsami. Rana kuwa ta ƙi faɗuwa sam, sai dai ta sunkuya ta zagaya bayan dutse ta sake ɗagowa, dole ya bar agogonsa a lokacin Makka yana salla da shi. Ga sauro, Allah ya isa, wa ya aiko sauro ƙasar ƙanƙara? Takalmin aro ne a ƙafarsa, kafin ka ce me dugadugansa sun yi bororo. Gunnar na gaba da jaka a baya, yana tafe kamar raƙumi, ba ya ko waiwaye.

Suna haurawa wani tudu sai Abdulgani ya ga tulin duwatsu a bakin hanya. Ba zubewa suka yi ba, hannu ne ya jera su, tsayinsu ya kai gwiwa, na saman an shafa masa jan fenti. Ya ƙura masa ido, domin ya san wannan abin.

Suna yara, in an ɗauke su ziyara Madina a motar haya, duk inda Malam Bawa ya hango duwatsu a tule a gefen titi sai ya gyara zama ya ce, "Assalamu alaikum ya ahlal ƙubur." Su kuwa yaran su yi ta ƙunshe dariya, don sau da yawa tarkacen masu gyaran hanya ne. Wata rana Maimuna ta ja kunnen Abdulgani ta gaya masa a hankali cewa a hanyar da babansu ya biyo, wanda duk ya faɗi a nan ake rufe shi, a tula masa duwatsu don kada kura ta tone. Kusan iyakar abin da ya sani game da tafiyar ubansa ke nan, kuma bai taɓa neman ƙari ba.

To ga shi yau a gabansa. Ya ce a ransa, Allah sarki, wani bawan Allah sanyi ya kashe a nan, danginsa ne suka shafa fentin don su gane wurin. Ya tsaya, ya sauke murya ya yi sallama. Ya ɗan yi tunanin ko mai kabarin Musulmi ne ko a'a, sai ya bar wa Allah sanin bayinsa, ya wuce.

Bai yi nisa ba sai ga wani. Ya yi sallama. Gaba kaɗan ga wani, ga wani kuma can a kan tudu. Wace irin hanya ce wannan mai cin mutane haka, kuma mutane su biya kuɗin jirgi su zo hutu a cikinta? Ya riƙa tsayawa a kan kowanne, Gunnar ya riƙa jiransa, yana zaton ƙafar ce. Haka suka wuni, haka suka tashi washegari. Tausayi ya cika Abdulgani, har ya soma raya su a zuci: wannan ƙaramin ƙila yaro ne, waɗannan biyun da ke kusa da juna ƙila mata da miji ne.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne safa. Sun tsallake wata ƙorama, Gunnar ya zauna ya jingina da wani tulin, ya tuɓe jiƙaƙƙiyar safarsa ya shanya a kan dutsen mai jan fenti, ya ciro burodi ya kama ci. Ran Abdulgani ya ɓaci ƙwarai. Ya daure, ya kasa, ya ce masa cikin Turancinsa na wurin aiki, don Allah ya ɗauke safar nan, ko ba danginsa ba ne ai mutum ne kwance a wurin.

Gunnar ya daina tauna. Ya dubi tulin, ya dubi Abdulgani, ya tambaye shi abin da yake ta raɗawa tun jiya. Da ya ji, bai yi dariya nan take ba, sai da ya ɗauke safar tukuna. Sannan ya ce babu kowa a ƙarƙashi. Alamar hanya ce kawai, masu kula da gandun da matafiya ke tula su, don in hazo ya sauko mutum ya bi daga wannan zuwa wancan. Daga nan ne dariyar ta ƙwace masa, har da riƙe ciki. Abdulgani ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ƙato da shi, mai 'ya'ya uku, ya yi wuni biyu yana gaida duwatsu!

Da yamma hazon ya sauko kuwa, fari fat, mai jiƙa gashin ido. Duwatsu suka ɓace, ƙorama ta ɓace, jakar Gunnar ma sai inuwarta. Sai su tsaya a jikin tuli ɗaya su yi ta ƙura ido har jan fentin na gaba ya bayyana, sannan su taka. Inda wani ya rushe, Gunnar ya sunkuya ya mayar da duwatsun, ya ƙara ɗaya. Abdulgani na biye yana ɗingishi, sai ya kama bakinsa yana motsi. Sallamar ce. Ya san babu kowa a ciki, amma harshen ya ƙi bari. A nan ne tunanin ya zo masa, ya kuma yi masa nauyi: shi da ya yi 'yan kwanaki ƙafarsa ta ɗuri ruwa, wancan tsohon shekaru ya yi yana tafe. Kuma duk dariyar da suka sha a motar Madina, ba wanda ya taɓa tambayarsa wa yake gaisarwa.

Ya sauka Jidda zafi ya rungume shi tun daga ƙofar jirgi. A gida akwatin na nan inda ya bar shi, sai ma wata tabarma da aka naɗe aka ɗora a kai. Bayan la'asar Mastura ta kawo shayi ta koma ciki. Aka tambayi lafiya, aka tambayi hanya. Abdulgani ya san maganar da ke tafe ta tikiti ce. Kafin tsohon ya buɗe baki sai ya yi ta maza ya ce, da Hausa, "Baba, in ba ku labarin wautar da na yi?"

Hausar ta fito a karkace, yana mayar da mace namiji, yana cusa yalla da ya'ani na Larabci inda kalma ta ɓace masa. Tsohon ya gyara masa sau biyu, fuska a murtuke. Amma da aka zo kan safar Bature, sai kafaɗunsa suka soma rawa, dariya ta ɓarke masa har da tari. Mastura ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, don rabon da a ji wannan dariyar tun Maimuna na da rai.

Da ya lafa ya share ido da bakin rawaninsa. Can ya ce, "Da ya gaya maka, sai ka daina?"

"A'a, Baba. Baki ya ƙi."

Malam Bawa ya jinjina kai. "Baturen nan bai yi ƙarya ba. Kai ma ba ka yi wauta ba. Namu duwatsun duka biyun ne."

Sai ya soma, a hankali, yana kallon bango. Ya ce bayan an wuce Abeche, can cikin Chadi, akwai inda iska ke shafe sawu kafin na baya ya iso, jagoran ayari ba abin da yake nema sai tulin duwatsu. Inda aka rufe wani, nan mutane suka bi, nan ce hanya. A wannan yankin zazzaɓi ya kama mahaifiyarsa. Zubaidatu sunanta. Abdulgani bai taɓa jin sunan ba, abin da ya sani kawai kakarsa ta rasu a hanya. Tsohon ya ce shi ya yi ta jidar duwatsun a ka, har ya ga sun isa, ya zauna. Sai mahaifinsa ya ce ya tashi ya ƙaro, a ɗaga tulin sosai, akwai mutane a baya.

"Na ji haushinsa ranar," in ji shi. "Na ce a raina, uwata ce, ba alama ba. Da gari ya waye muka tashi, sai ga mu muna bin uwayen wasu."

Shayin ya huce ba wanda ya taɓa. Baƙin ciki da kunya suka haɗu wa Abdulgani, shekara kusan arba'in yana gida ɗaya da wannan maganar. Da kyar ya ce, "Daga nan sai ina, Baba?"

Tsohon ya juyo ya dube shi sosai, irin kallon da bai saba yi masa ba. Sannan idonsa ya sauka kan ƙafafun, ya ga yadda ya ɗage dugadugan daga ƙasa. Ya ce ya miƙo su ya gani. Abdulgani ya yi nauyin jiki, don tun da ya yi wayo bai tuna ranar da hannun ubansa ya taɓa shi ba. Tsohon ya kama ƙafar ya juya ta, ya yi tsaki, ya ce wannan ai ƙafar amarya ce, wa ya ce masa ana fasa bororo a hanya?

"Kwance igiyar can. Akwai man kaɗanya a ƙasan kaya, cikin gwangwani."

Ƙullin ya yi tauri, sai da Abdulgani ya sa haƙori. Ya fito da riguna, ya fito da carbi da bargo, ya zube su a kan kujera kafin ya kai ga gwangwanin. Yana miƙawa, gaskiya ta hana shi yin shiru, ya ce a hankali, maganar tikitin fa?

Malam Bawa ya lakato man ya ɗora ƙafar ɗansa a cinyarsa.

"Tikitin me? Kai, ko Sudan ba mu shiga ba tukuna. Miƙe ƙafar sosai. To, da muka bar ta a nan, sai muka yi gabas."