Tulun Rahina

Tun da matata Rahina ta rasu ban sake shiga majami'a ba. Ban yi faɗa da kowa ba. Fasto ya zo ya karanta mini ayoyin da na riga shi sani, na ba shi ruwa ya sha, ya tafi. Na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a lekol, har yau Mushe, wato malam, ake kirana, na karanta littattafai da Faransanci har idona ya gaji, ba ni da bukatar yaro ya fassara mini mutuwa.

Abin da ta bar mini shi ne tulunta. Ba na ɗibar ruwa ba ne, na kiɗa ne, irin wanda matan zumunta na majami'a suke bugawa a baki da ɗan matashin fata idan suna waƙa. A Mirya ta saye shi. Na ajiye shi a lungun ɗaki, kuma don kada akuyar maƙwabta ta shigo ta ture shi, sai na cika shi da rairayi har wuya.

Gaskiya ni da tulun nan ba mu taɓa shiri ba. Akwai ranar da na tambaye ta me take nema kuma, tana da miji, da gida, da tuwo, amma in tana waƙa sai ta riƙa kuka kamar wadda aka kora daga gari. Ta ce ni miji ne mai kyau, amma akwai wuri a zuciyarta da ban kai girmansa ba, na Ubangiji ne. Ban manta ba. Mutum yana iya kishi da namiji ɗan'uwansa, ya je ya same shi. Ina za ka je ka sami Allah?

Ran wata Asabar da hantsi Zainabu, shugabar matan zumunta, ta sauka daga kabu-kabu a ƙofata. Ta gaishe ni doguwar gaisuwa, ta tambayi ƙafata da ƴata da ke Yamai, sannan ta ce tulunsu ya fashe, gobe kuma akwai baftisma. Na ce na ajiye wannan don tunawa. Ta ce to, amma a bar ta ta ji muryarsa ko sau ɗaya.

Ta durƙusa ta buga. Abin da ya fito kamar an mari buhun gero. Ta leƙa ciki, ta zura hannu, ta fito da rairayi. Sai ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Mushe Sallau, da duk bokonka? Ai ka kashe shi. Sai babu kome a cikinsa yake magana."

Na ce na tsare shi ne. Ta ce ta gani, ya tsaru kuwa. Ta kakkaɓe zanenta, ta ce ba za ta ɗauka ba sai na ba ta da hannuna, ta tafi.

Na daɗe zaune. Ni ma na cika kaina: littattafai, rediyo, gardamar siyasa a bakin shagon Alkasum, fushi da marigayiya don ta tafi wurin wanda ta fi so. Duk da haka kowace safiya ina tashi da yunwar da fura ba ta taɓawa. Na ɗauka Rahina ce. Amma na tuna ina da wannan yunwar tun tana kwance a gefena, kawai ita ce ta san sunan yunwar.

Da la'asar na jawo tulun tsakar gida na kifa shi. Rairayin ya daskare, sai da na sa muciya. Bayana ya yi ciwo. Da ya zama fanko na buga bakinsa da tafina, ya ba da wannan ƙara mai zurfi da nake ji a ƙirjina duk Lahadi a da.

Ban yi addu'a ba, na manta yadda ake farawa. Na ce dai, "Ga ni. Ban cika ba."

Da safe na naɗe tulun a tsohon zanenta, na tsaya bakin hanya ina jiran kabu-kabu. Yaron da ya tsaya da babur ya ce in riƙe tulun da kyau, hanyar majami'a duk ramuka ce. Na ce ya tuƙa kawai, na san hanyar tun ba a haife shi ba.