Ɓerayen Rami Ɗaya

Tun da zazzaɓin Lassa ya ɗauke mijinta Tamba, Kulsumi ba ta sake hura wuta a gindin tukunyar gumi ba. Duk Zauro an san shinkafar da take turarawa, har daga Birnin Kebbi ake zuwa sari. Yanzu tukunyar tana kife a bayan ɗaki kaji na hawa kanta, Kulsumi da autarta Bilkisu suna cin abin da dangi suka miƙo. Hannun dangi kuwa ba ya daɗewa a miƙe.

A asibiti an ce mata ɓera ke kawo cutar, ta fitsarinsa a kan abinci. Nan take ta yanke wa kanta hukunci. Ita ce ke shanya gumi a ƙasa, a bakin titi, kamar kowace mace a garin, in bai bushe ba ya kwana a nan. Da safe ita da Tamba suke kwashewa, kowa ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki ya gatsa don ya ji bushewar. Tare suka kwanta ciwo. Ita ta tashi da kunne ɗaya a toshe, shi bai tashi ba. Abin da ya fi ci mata rai ke nan: mai shanyar ta rayu, mai taya ta ya tafi.

Ana cikin haka Omolola ta fara zuwa. Bayarabiya ce haifaffiyar Birnin Kebbi, tana ɗana tarkuna a fadama tana ɗibar jinin ɓeraye don bincike. Mutanen gari suka sami abin dariya, wai karatun jami'a ya ƙare a farautar ɓera. In rana ta yi zafi takan tsaya ƙofar Kulsumi ta sha inuwa, har suka saba.

Wata rana bayan girbi, Kulsumi ta juyo mata da kunnen da ke ji.

"Malama, wai mi kig gani cikin ɓerayen ga naki?"

"Abin mamaki, Inna. Akwai ukku da munka kama rami guda, abinci guda suke ci. Cutar ta shige su duka. Biyu jikinsu ya kore ta, guda tana nan zaune cikin jininai."

"To mi yar raba su?"

"Gado muke zato. Kowane jiki yana da masu gadi da ya gado wurin uwa da uba. Na wani su gane cuta da wuri, na wani ta wuce su. Ba mu ƙare bincike ba tukuna."

"Mutane ma hakanan?"

Omolola ta ce, "Ni ɓera ni sani, Inna. Amma mutane ma kowa da irin gadonai."

Kulsumi ta ji wani nauyi ya ɗan sauka daga ƙirjinta. Ashe mai yiwuwa tun ran haihuwa aka raba musu, ba a bakin titi ba. Ba ta gama jin sauƙin ba sai ga Bilkisu ta dawo daga taya maƙwabta kwasar shanya, tana dariya, wushiryar ubanta a fili, bakinta yana gatsar shinkafa.

"Ita hwa?" in ji Kulsumi, murya ƙasa-ƙasa. "Nawa tad ɗauko ko na marigayi?"

"Wallahi ba ni iya sani, Inna."

Tsoro ya kama Kulsumi, na gaske. Ga shi tuni ta kife tukunyarta, ta zauna da yunwa, amma ɓeraye ba su bar Zauro ba, kuma yarinyar tana can a shanyar wasu.

Washegari ta sa Sunusi kafinta ya kafa mata dogon gadon shanya na katako, aka naɗe ƙafafunsa da kwano don ɓera ya zame. Ta wanke tukunya ta hura wuta, ta turara gumi ta shanya a kai. Matan unguwa suka yi ta tsokana, wai gumin Kulsumi ya zama amarya, sai a kan gado. Ta bar su da bakinsu.

Kafin rana ta faɗi ta kira Bilkisu su kwashe. Yarinyar ta ɗebo ƙwayoyi za ta kai baki, Kulsumi ta cafke mata hannu. Ta ɗora ƙwaya ɗaya a kan katako, ta danna da bayan cokali, ta fashe ƙas.

"Ga yadda za ki riƙa ji," in ji ta. "Haƙoran ubanki ina ganinsu. Sauran abin da yab bar miki, ban sani ba."