Takardar Kan Dutse

Labarin mutuwar sarki ya iso Solgol ranar kasuwa, da hantsi. Ɗan aike ya tsaya a bakin gada ya karanta umarni: kowa ya sa fari daga kai har ƙafa, ba kiɗa, ba yanka, ba biki. Jibi da fitowar rana kuma kowane magidanci ya hallara a farfajiyar hakimi, a fuskanci babban birni a yi kuka. Wanda aka kira sunansa bai amsa ba, katako goma a ɗuwawu.

Dokbe mai gyaran malafa ya saurara har ƙarshe, ya koma rumfarsa ya ɗora kokon shinkafa a wuta. Wannan ne sarki na uku da ya mutu da saninsa, ko ɗaya bai taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da ya sani shi ne farar malafar makoki sai masu hali. Sauran jama'a baƙarsu ta gashin doki za su kawo masa, ya shafa koko, ya manna farar takarda a kai. Kafin yamma malafu sun cika rumfa har waje.

Cilsong mai gishiri ya leƙo da tasa malafar a hannu.

"Yaya, duk ƙasar nan kai kaɗai sarki ya bar wa gado."

"Ajiye ka ba ni wuri. Wannan malafar tun kakanka take makoki, ba ta gaji ba?"

"Ka dai manna da kyau. Wancan karon ina tsakiyar kuka takardar ta ɗago kamar kunnen jaki."

"Guminka ne, gishiri ya yi masa yawa."

Takardar duk daga kan dutse take zuwa. Wani tsohon limamin Buda ne yake yin ta a haikalin can sama, Sunim Boun. Ya ɓare ɓawon itace, ya dafa, ya daka, ya wanke a ruwan rafi mai sanyi, har yatsunsa suka kanannaɗe. Shekara talatin yana saukowa da ita a bayansa. Ya zauna a bakin rumfar Dokbe ya ci sha'ir, ya tashi, bai taɓa yi masa wa'azi ba. Mutanen gari ba su ɗauki irinsu a bakin komai ba. Yara ma sukan bi shi suna kwaikwayon tafiyarsa.

Washegari da rana wata tsohuwa mai tonon saiwoyi ta sauko daga dutsen, ta tsaya a gaban rumfar.

"Mai takardarka ya tafi," ta ce. "Tun jiya. Gobe da fitowar rana za a ƙona shi. Amma gurgun limamin nan kaɗai ya rage a haikalin, ban san wa zai kwaso itacen ba."

Dokbe ya ƙarasa malafar da ke hannunsa, ya shafe bakin takardar da babban yatsa, ya ɗauki ta gaba.

Da ya koma gida matarsa ta riga ta ji. Ta ajiye masa abinci, ta ga yana gyara igiyar abin dakonsa na baya.

"Gobe ne kukan, uban Okbun."

"Na sani."

"Kuma ɗuwawun nan naka ba nama."

"Sarki yana da masu kuka daga nan har bakin teku. Don ɗaya ya ragu ba zai farka ya duba ba."

"Shi ba zai duba ba. Magatakarda zai duba."

Daga nan ita ma ta tuna. Shekarar yunwa, da 'yarsu, ƙanwar Okbun, ta rasu tana wata huɗu, ko ƙyallen naɗe ta ba su da shi, ƙasa kuma ta daskare don sanyi. Tsohon ne ya sauko ya naɗe jaririyar da takardarsa, falle bisa falle, ya karɓi diga suka haƙa tare. Ba su sake maganar ba, shi da Dokbe, har shekara ashirin.

Ta tashi ta dunƙula masa shinkafa biyu a ganye. Sannan ta sauko da busasshen ganyen da ake ɗaura wa wanda aka daka, ta jiƙa shi a ƙwarya tun yanzu.

Da gari ya fara haske, maza suka bi hanyar gidan hakimi, shi kuwa tun cikin dare ya riga ya bi ta dutse. Ya tarar da gurgun limamin zaune a gefen gawar, ya jawo 'yan itatuwa da ba za su dafa tukunya ba. Sahu bakwai Dokbe ya yi daga kurmi. Ya shirya itacen a kan faffaɗan dutsen da ke duban gari, ya goyo tsohon. Bai kai nauyin ɗaurin takardar da yakan sauko da shi ba.

Gurgun ya yi karatunsa a hankali, ya sa wuta.

Wutar na kamawa, kuka ya taso daga ƙasa. Aigo, aigo, muryar maza ɗari da ɗoriya, iska tana kawo ta har sama. Dokbe ya matsa bakin dutsen ya leƙa. Farfajiyar hakimi ta cika fal, kowa goshi a ƙasa, ba a ganin komai sai malafu, fari ƙal kamar balbelu sun sauka a fadama.

"Wa suke wa kuka haka?" gurgun ya tambaya, don idonsa ba ya kaiwa can.

"Sarki, in ji su." Dokbe ya ɗan jima yana kallo. "Amma takardar tsohon nan ce a kansu. Ni na manna, na san kowace."

"Da ya gani cewa zai yi kun ɓata takarda."

Suka zauna har wutar ta cinye. Suka raba shinkafar, ɗaya-ɗaya.

Da ya sauko bai biya gida ba, kai tsaye ya wuce farfajiyar hakimi, ya gaya wa magatakarda sunansa. Mutumin ya tambaye shi ina ya je.

"Jana'iza."

"Ta wa, a rana irin ta yau?"

"Ta mai takarda."

Magatakarda ya taɓa malafarsa, ya yi kamar zai yi magana, sai ya ɗaga wa dogari hannu. Aka kwantar da Dokbe a benci. Ya cije har katako na uku, a na huɗu ya saki murya, aigo, har tsuntsaye suka tashi daga rufin.

Cilsong yana jiransa a ƙofa. Ya ba shi kafaɗa, suka kama hanya a hankali.

"Yaya, duk yau ba wanda ya yi wa sarki kuka da gaske kamarka."

"Rufe min baki. Taka ta ɗago?"

"Ko kaɗan."

"To ka kula da ita. In an gama makoki kada ka kankare, ka jiƙa ka ɗaye a hankali, ka kawo min."

"Me za ka yi da tsohuwar takarda?"

"Ajiyewa. Falle uku suka rage a rumfa, kuma ba mai sake saukowa da wata."

Daga nesa suka hango matarsa tsaye a bakin ƙofa, da ƙwaryar ganyen a hannu.