Malam-Buɗe-Littafi a Firiji

Ya durƙusa cikin ciyawar bayan gida, ya riƙe numfashi, ya danna. Da ya duba kyamarar, jirwaye kawai ya gani, rawaya da baƙi. Malam-buɗe-littafin yana nan kan furen, ko gezau. Hannun tsohon ne ya ƙi tsayawa.

"Haba, kai kuwa," ya ce da hannun. Tun rasuwar matarsa, abokan hirarsa ke nan: hannun nan da ƙwarin lambu.

Autarsa ta riga ta yanke hukunci. In rawar hannun ta ƙaru, zai tattara ya koma wurinta, can ƙololuwar bene, inda ko sauro sai ya yi niyya yake kai ziyara. Shi kuwa ya rantse mata ya warke.

"To turo min sabon hoto in gani, Baba," ta ce. Yarinyar ba ta da dama. A shagon hotonsa ta tashi, tsofaffin hotunansa duk ta san su.

Akwai dabarar da ya yi shekaru yana zagin masu yin ta: a kama ƙwaro a sa a firiji, sanyi ya kashe masa jiki, a ɗauke shi hoto a natse kafin ya farfaɗo. Ha'inci yake kiran abin. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Ya lallaɓa ya kifa wa malam kwalba, ya kai shi sashen ƙanƙara don a yi a gama. Ya jera littattafai a tebur, ya ɗora kyamarar yadda ba sai ya riƙe ta ba.

Sai waya ta yi ƙara. Auta ce.

Kullum daga "ya jiki" sai "sai anjima." Yau cunkoson motoci ya tsare ta, ta samu lokaci. Ta yi masa tsegumin ofis, ta tuno yadda mamanta take masa faɗa in ya shigo da gwiwar wando duk taɓo. Ya yi dariya har da hawaye. Ya tuna da kwalbar, wallahi ya tuna, har ya miƙe. Amma yaushe rabon da a yi hira da shi haka? Ya koma ya zauna.

Da ya buɗe firijin, malam ya sandare, fikafikai a buɗe. Ya ɗora shi kan ganye, ya danna. Tunda yake bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba, har garin da ke jikin fiffiken ana iya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tura.

Nan da nan saƙon murya ya shigo.

"Kai, Baba! Kamar zai tashi! Ashe da gaske ka warke. Shi ke nan, zauna abinka, hankalina ya kwanta. Ba sai na zo ƙarshen watan nan ba ma."

Ya ci nasara, gidan ya zama nasa.

Ya fita rana da malam a tafin hannu, yana hura masa ɗumin bakinsa a hankali.

"Tashi mana, ɗan'uwa. Yi haƙuri."

Fikafikan suka motsa. Ya sunkuya ya duba da kyau. Ashe hannunsa ne ke rawa.